Gajeren sunan shafi da mai waya a hannu: tambayoyin da ake yawan yi mini a Jos

Sana'ata haɗa wa mutane shafukan intanet, yawanci 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi a nan Jos. Na lura duk wanda ya zo, kafin mu kai ga maganar launi da hotuna, sai mun yi ja-in-ja a kan suna. Shi yana so sunan ya faɗi komai da komai, ni kuma ina ta datsewa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai mene ne sunan shafi, kuma daga ina ake auna gajartarsa?

Shi ne abin da kake rubutawa a saman burauza don ka isa wani shafi, wanda masu sana'ar ke kira domen: jamb.gov.ng, unijos.edu.ng, bbc.com. Na'urori da lambobi suke gane juna, kamar yadda waya take gane lamba ba sunan mai ita ba. A 1983 aka ƙirƙiro tsarin da ke haɗa suna da lamba, don kada mutum ya riƙa haddace jerin lambobi, kuma sunan farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashin .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985.

Sunan kashi biyu ne: wanda ka zaɓa da kanka, sai jelar da ke bayan ɗigo. Ƙa'ida ta yarda kashin da ka zaɓa ya kai haruffa 63. Amma abin da ƙa'ida ta yarda da shi daban, abin da babban yatsa zai iya daban. Idan ana auna tsawo, a haɗa har da jelar, domin ita ma sai an danna ta.

To me ya haɗa gajarta da waya musamman? Ai a kwamfuta ma rubutawa ake yi.

A kwamfuta yatsu goma ne, kana zaune, ga madannai masu faɗi. A waya babban yatsa ne guda, wani lokaci biyu, a kan haruffan da kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Kuma mutanenmu da waya suka shiga intanet. Tun da aka fara wayar salula a Najeriya a watan Agustan 2001, akwai ɗimbin jama'a da ba su taɓa mallakar kwamfuta ba, amma Tecno ko itel ko Infinix na aljihunsu. Duk mai buɗe shafi a ƙasar nan, ya sani ko bai sani ba, don mai waya yake buɗewa.

Bari in ba da labarin wani Alhaji mai dillancin dankalin turawa da kayan miya a Farin Gada. Ɗansa ne ya kawo ni wurinsa wata safiya cikin Disamba, lokacin da sanyin Jos ke sa yatsu su sandare. Ya riga ya rubuta sunan da yake so a bayan kwalin magi: dankalinturawadakayanmiyanafaringada.com.ng. Na ƙirga, haruffa 36 kafin ɗigo, 43 duka-duka.

Na ce, "Alhaji, ba a ɗan rage ba?"

Ya ce, "Malam, ai so nake kowa ya san abin da nake sayarwa da inda nake."

Ban yi musu ba. Na ce ya kira yaron shagonsa, ya faɗa masa sunan da baki, yaron ya rubuta a wayarsa. Wayar gilashinta a tsage, hannun yaron da ƙasar dankali, ga wata mota tana ta hon a bayanmu. Karon farko ya tsallake "da". Karo na biyu wayar ta yi masa gyaran ganin dama, ta raba kalmomin ta mai da ɗaya Turanci. A karo na uku ya ɗago kai ya ce, "Baba, don Allah a sake faɗa a hankali." Alhaji ya yi dariya ya karɓi kwalinsa.

Matsalar ita ce adireshi ba ya yafiya. Idan ka yi kuskuren harafi a saƙon WhatsApp, wanda ka tura wa zai gane. Idan ka yi shi a adireshi, ko dai a ce maka babu shafin, ko ka faɗa na wani. Kowane harafin da ka ƙara, ƙofar kuskure ka ƙara. Mai saye kuwa ba ya gwadawa sau uku kamar yaron Alhaji. Sau ɗaya ne, sai ya koma wurin wanda ya saba.

Amma yanzu wa yake rubuta adireshi? Ai latsawa kawai ake yi a WhatsApp ko Facebook.

Gaskiya ne, kuma wannan tambayar ta fi sauran nauyi. Wanda ya samu mahaɗin shafinka a WhatsApp, bai damu da tsawonsa ba, latsawa zai yi.

Sai dai ka duba inda babu abin latsawa. Tallan rediyo: mai sanarwa a PRTV ko wata tasha ya karanta sunan sau biyu, mai sauraro yana tuƙi ko tana tuƙin tuwo. Allon shago a titin Ahmadu Bello, wanda mai wucewa cikin keke napep zai kalla na daƙiƙa biyu. Jikin mota, rasit, ledar kaya, kalandar makaranta. Sai kuma babba cikinsu, baki da baki: dillali a 'Yankaba ta Kano ya bugo waya yana tambaya, ana faɗa masa cikin hayaniyar kasuwa. A duk waɗannan wurare sunan sai ya bi ta kunne ko ido, ya zauna a kai na ɗan lokaci, sannan ya sauka a yatsa. Dogon suna a hanya yake zubewa.

Bankuna sun daɗe da gane wannan. Shi ya sa lambobinsu na tura kuɗi yawanci uku-uku ne, kuma a 2023 hukumar NCC ta daidaita lambobin layukan waya: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data, ko wane layi kake amfani da shi. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta haddace su. Abin da gajeren suna yake yi wa shafi ke nan.

Ko lambar QR, wadda ake ɗauka da kyamara, tana jin tsawon suna. Gwargwadon tsawon adireshin, gwargwadon yadda ɗige-ɗigenta ke ƙara cushewa, kuma kyamarar ƙaramar waya a cikin shago mai duhu ta fi saurin karanta mai manyan ɗige-ɗige.

Ina tura wa abokan ciniki saƙon tes da yawa. Tsawon suna ya shafe ni?

Ya shafe ka, har aljihu. Saƙon tes guda haruffa 160 yake ɗauka. Ka wuce da ɗaya, an caje ka na biyu. Sunan da Alhaji ya so zai cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kafin ka ce assalamu alaikum.

Ga wani abin da masu rubuta Hausa da kyau ba su cika sani ba. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara wa saƙon tes tun asali. Da zarar ɗaya ya shiga, sai saƙon ya koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal. Makarantar da ke tura wa iyaye ɗari biyar sanarwa da Hausa mai ƙa'ida, ta haɗa da dogon adireshi, za ta ga kuɗin ya ninka ba ta san dalili ba.

Gajeren suna yana sa shafi saurin buɗewa, ko ya rage cin data?

A'a. Bambancin haruffa talatin ba komai ba ne a lissafin data. Hoto guda da ba a rage nauyinsa ba ya fi sunan nauyi sau dubbai. Idan shafinka na jan ƙafa, duba hotuna da bidiyo da inda aka ajiye shafin.

Google fa? Ya fi fifita gajere?

Shi ma a'a. Akwai lokacin da mutane ke cusa kalmomin bincike a cikin suna don su hau sama, har Google ya sauya tsarinsa a 2012 don rage tasirin wannan dabara ga shafukan da ba su da abin kirki a ciki. Abin da yake dubawa shi ne abin da ka rubuta da kuma ko shafin na buɗewa da kyau a waya. Amfanin gajeren suna yana wurin mutum: ya tuna, ya dawo, ya faɗa wa wani.

To me ya sa ake jin ana sayar da su miliyoyin daloli?

Saboda lissafi. Haruffan Turanci 26 ne. Idan ka jera su biyu-biyu, sunaye 676 ne kawai za su fito. Uku-uku, 17,576. Huɗu-huɗu, 456,976. A ƙarƙashin .com duk an daɗe da kame su, ba a kuma ƙera sababbi. Kamar rumfunan bakin titi ne a kasuwar Terminus ta Jos: an ƙirga su, masu so kuwa kullum ƙaruwa suke. Masu harafi ɗaya ma an rufe rajistarsu tun 1993, sai 'yan kaɗan da aka riga aka kama, irin x.com da z.com.

Saboda haka farashi ya haukace. Facebook ya biya wata ƙungiyar manoma ta Amurka dala miliyan 8.5 a 2010 don ya mallaki fb.com. Kamfanin waya na Xiaomi ya sayi mi.com kan dala miliyan 3.6 a 2014, lokacin da yake shirin fita kasuwannin duniya, domin ya san ba kowa zai iya rubuta Xiaomi daidai ba. An sayar da 360.com kan dala miliyan 17 a 2015, voice.com kuma dala miliyan 30 a 2019. Elon Musk ya sake sayen x.com daga PayPal a 2017, shekaru shida kafin ya mai da Twitter X.

A ra'ayina labarin Xiaomi ne ya fi koyar da darasi, domin mai sayar da waya ne da kansa ya biya wannan kuɗi don ya sauƙaƙa wa mai waya. Amma kada wannan ya ruɗi mai shago a Bukuru. Su kamfanonin suna lissafin mutane miliyoyi ne, inda kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari ya zama dukiya. Kai suna mai haruffa shida zuwa goma sha biyu, wanda ba a kama ba, ya ishe ka, kuma a farashin rajista na kullum za ka same shi.

Wani abin tarihi: a 2006 an ƙaddamar da jela ta musamman don waya, .mobi, da goyon bayan manyan kamfanoni irin su Nokia. Shekara guda bayan haka iPhone ya fito, wayoyi suka fara buɗe shafuka na kowa da kowa, sai .mobi ta zama kayan tarihi. Waɗanda suka zuba kuɗi suna kame sunaye a cikinta sun ji a jikinsu.

.ng zan ɗauka, ko .com.ng, ko .com?

Jelar Najeriya ita ce .ng, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da ita, wadda aka kafa a 2005. Ba kai tsaye ake saye a wurinta ba, ta hannun dillalan da ta amince da su ake bi. Mun yi sa'a da wannan jela, haruffa biyu ne, kuma har yanzu akwai kalmomin Hausa masu daɗi da ba a kama ba, waɗanda a .com sai dai labari. Dubi jiji.ng ko legit.ng, a numfashi ɗaya ake faɗarsu.

.com.ng ya fi araha, amma ya ƙara maka haruffa uku da ɗigo ɗaya a kan .ng, ga kuma haɗarin mutum ya tsaya a .com ya manta .ng, ya faɗa shafin wani a wata ƙasa. Shi kuwa .com kowa ya saba da shi, wasu madannan waya ma suna da maɓallinsa, sai dai asalin farashinsa da dala ake yanke shi, duk lokacin da naira ta faɗi za ka ji a ranar sabuntawa.

Ni shawarata: idan masu sayenka a Najeriya suke, kuma aljihu zai ɗauka, ɗauki .ng, ka haɗa da .com.ng ɗinsa ka juya shi ya riƙa kai mutane wuri guda. Ka kuma san cewa wasu gajerun sunaye an ware su a matsayin na musamman, kuɗinsu ya fi na sauran. .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, .edu.ng na manyan makarantu, ba a ba kowa.

Sunan kasuwancina da Hausa yake. Yaya zan yi da ƙ da ɗ da ɓ?

Sunan shafi na yau da kullum abu uku kawai yake karɓa: haruffa a zuwa z, lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori. Babu tazara, babu alamar ɗauri ta 'yan ko 'ya'ya. Akwai tsarin da ke shigar da haruffan wasu harsuna, amma a bayan fage na'ura tana juya sunan zuwa wani jeri mai farawa da xn--, kuma ko ya yi aiki, mutum nawa ne ke da ƙ a madannan wayarsa? Bar shi. Rubuta k, d, b, amma ka karanta sunan bayan ka cire lanƙwasar, kada ma'ana ta juye. Ƙafa ta zama kafa, ɗaki ya zama daki, ɓata ta zama bata. Wasu ba laifi, wasu abin dariya ne.

Tarkon da ya fi wannan shi ne kalmar da muke rubutawa iri biyu ko uku. Ciniki ko chiniki? Hajiya ko Hajia? Muhammad, Mohammed ko Muhammadu? Mafi muni a nan jihar shi ne sunan jihar kanta: wani Plateau zai rubuta, wani Filato, wani Plato. Na sha roƙon mutane su cire shi su sa Jos. Allah ya ba mu gari mai haruffa uku da babu wanda ke kuskuren rubuta shi, me za mu nema kuma?

Karan ɗori ma a guje shi. A waya sai an sauya allon madannai kafin a same shi, a rediyo kuma ba a san yadda za a faɗe shi ba. Haka lamba: ka ce "biyu", mai sauraro bai san 2 zai danna ko b-i-y-u ba.

In haka ne, in tattara haruffan farko na sunan kawai, ai ya zama gajere?

Nan ne mutane ke wuce gona da iri. Suna mai haruffa biyar marasa wasali, irin dtkmf, ya fi mai haruffa goma wahalar tunawa, domin baki ba zai iya furta shi ba, sai an bi shi ɗaiɗai. A waya kuma b da d da p da t duk kama suke yi, mu kuma ga namu rikicin p da f. JAMB da NECO sun ci nasara ne saboda ana furta su kamar kalma, kuma an shafe shekaru ana jin su.

Gwajin da nake yi ba ya cin ko sisi. Kira wani wanda bai san sunan ba, ka faɗa masa sau ɗaya, kada ka maimaita, kada ka ce "da k ba c ba". Ya rubuta ya turo maka. Gwada da mutum uku, a cikinsu har da dattijo. Idan duka uku sun dace, sunan ya yi, ko haruffansa goma sha ɗaya ne.

Me zai hana in bar dogon sunana in riƙa gajarta shi da bit.ly?

Shi bit.ly shafi ne da ke mai da dogon adireshi gajeren mahaɗi, kuma yana da amfani a saƙon tes da takardar talla. Manyan kamfanoni ma suna da nasu: wa.me na WhatsApp, t.me na Telegram, youtu.be na YouTube. Abin sha'awa, jelolin nan na ƙasashe ne: .ly ta Libiya ce, .me ta Montenegro, .be ta Beljiyam.

Amma riga ce ta aro. Sunan ba naka ba ne, mai shi na iya sauya sharaɗi ko ya rufe. Google da kansa ya daina ba da sababbin gajerun mahaɗai na goo.gl tun 2019. Sannan abin da ke biyo baya jerin haruffa ne manya da ƙanana a cakuɗe, wanda ba ya faɗuwa da baki. Ga kuma zargi: mutane sun fara gudun irin waɗannan mahaɗai, kuma suna da hujja.

Wace hujja? 'Yan damfara na amfani da su ne?

Ƙwarai. Gajeren mahaɗin aro yana ɓoye inda za shi. Saƙonnin nan na "gwamnati na raba tallafi, latsa nan ka tura wa mutum goma" yawanci a irinsa suke zuwa.

Suna amfani da dogo ma, kuma nan ne waya ta fi rauni. Layin adireshi a waya gajere ne, ba ya nuna duka. Sai ɗan damfara ya sa sunan banki ko hukuma a farko, ya bi shi da ɗigo da wasu kalmomi, ainihin sunan shafinsa yana can ƙarshe inda fuskar wayar ta yanke. Ainihin mai shafi shi ne kalmar da ke dab da jela, kafin sandar farko mai karkata, ba wadda ta fara zuwa ba. Wata dabarar kuma musanya haruffa: r da n a manne su yi kama da m, lamba 1 a madadin l, sifiri a madadin o. A ƙaramin gilashi, cikin rana, sai mai lura.

Wata ƙanwar mahaifiyata ta taɓa miƙo mini waya tana cewa, "Ɗana, duba mini, sun ce za a rufe asusuna." Sunan bankinta ne a farko ras, sai da na ja layin adireshin gefe na ga ya ƙare da wata jela da ban taɓa ji ba. Allah ya sa ba ta riga ta sa lambar katinta ba. Shafin da sunansa gajere ne yana fitowa gaba ɗaya a wannan layi, mai waya ya gan shi daga farko har jela ba tare da ya ja komai ba.

Idan na saya ya zama nawa har abada?

A'a, haya ce. Shekara-shekara ake sabuntawa, a .com kana iya biyan har shekara goma gaba. Idan wa'adi ya cika ba ka biya ba, ana ba da ɗan lokaci, daga nan a ƙara tara, daga nan a sake shi kasuwa. Akwai masu zaman jiran gajerun sunaye su faɗo, kamar shaho da 'yan tsaki.

Kuma ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistar, ba na wanda ya haɗa maka shafin ba. Ni mai wannan sana'a ne nake faɗa maka. Na ga makarantar da ta rasa sunanta bayan ta buga shi a allo da rigunan ɗalibai, saboda yaron da ya yi mata rajista ya bar gari ya sauya lamba.

Na riga na buga dogon suna a allo da rasit. Sai in watsar?

Kada ka watsar. Sayi gajeren, a saita shi ya riƙa kai mutane shafin da kake da shi, aikin mintoci ne. Tsohon ya ci gaba da aiki ga waɗanda suka saba, sabon kuma shi za ka riƙa bayarwa a rediyo, a tes, da baki. Idan rasit ɗin da ka buga suka ƙare, sai a buga sababbi da gajeren. Ka ci gaba da biyan kuɗin tsohon ko da shekara biyu ko uku ne, domin akwai kalandarka da ke rataye a shagon wani a Mangu har yanzu.